Shafuka Goma Sha Biyu da Aka Yanke

Ranar Litinin da hantsi aka gano ɓarnar, kafin azahar kuwa duk cibiyar ta gama yanke wa Safara'u hukunci.

Cibiyar ta horar da malaman gona da kiwo ce, tana can bayan Kurmin Mashi, kuma abin taƙamarta bai wuce ɗakin mujallunta ba. Tun da darajar naira ta faɗi shekara uku da suka wuce, a 1986, ko fitowa ɗaya ta mujalla ba ta sake zuwa daga ƙasar waje ba. Injin fotokwafi ma ya yi wata takwas a mace. Abin da ke kan kanta shi ke nan, in ya tafi ya tafi. A cikin wannan hali ne wani marar tsoron Allah ya sa reza ya zare ganye shida daga wani kundi na Mujallar Kiwo da Makiyaya, daga shafi na arba'in da ɗaya zuwa na hamsin da biyu, maƙalar wani bawan Allah Aminu Ado sukutum a kan ciyawar gamba.

Safara'u ce ke riƙe da makullin ɗakin. Uwarta, Iya Hansai, tana tuyar ƙosai a Badarawa. Mutanen cibiya ba su buƙaci fiye da haka ba. Masinjoji suka ce ai dama takardun naɗe ƙosai take kai wa tsohuwa, ɗalibai suka ɗauka, masu tafireta suka ƙara gishiri. Darakta, Alhaji Muhammadu, ya tsaya a tsakiyar laburare a gaban mutum kusan arba'in ya kira ta ɓarauniya, ya karɓe makullin, ya ce ranar Juma'a kwamiti zai zauna ya ba ta takardar sallama. Mace mai 'ya'ya uku, mijinta shekara biyu da rasuwa, amma babu wanda ya tuna da wannan.

Mutum ɗaya ne bai bi sahunsu ba, shi ne Malam Datti. Shekararsa ashirin da huɗu a laburaren. Ubansa mai bin sawun shanun sata ne a ƙauyensu, shi ma ya taka dawa tare da shi kafin boko ya ɗauke shi. A cibiya aikinsa shi ne duk ƙasidar da za a buga sai ta biyo ta teburinsa. Zai ɗauki jerin manazartan da ke ƙarshenta ya bi su ɗaya bayan ɗaya: sunan marubuci, shekara, sunan maƙala, sunan mujalla, juzu'i, shafi. In ka ce abu yana shafi na tara, to sai ya je shafi na tara ya gan shi da idonsa. Malamai sun tsane shi saboda haka, suna ce masa Mai Bin Sawu, shi kuwa sunan bai taɓa yi masa ciwo ba.

Ya ɗauki kundin ya shafa wurin yankan da ɗan yatsa. An ɗora rula aka ja reza a tsanake, ko zare ɗaya ba a taɓa ba. Ransa ya yi baƙi ƙirin. Wanda zai naɗe ƙosai ba ya neman rula.

Ya tarar da Safara'u a bayan ginin, ƙarƙashin dalbejiya, ido ya yi jajur.

Ya ce, "Bar kukan nan ki ba ni amsa. Wa ya shiga ɗakin a makon jiya?"

"Baba Datti, duk wanda ya shiga yana cikin rajista, ban da mutum ɗaya. Ranar Juma'a da kuka tafi masallaci Dokta Abubakar ya zo ya karɓi makulli. Ya yi kamar rabin awa a ciki."

"Me ya hana ki sa shi ya sa hannu?"

"Haba Baba! Yaushe manya suka fara sa hannu a nan? Ni ce zan miƙa wa Dokta biro?"

"Kin gaya wa Darakta?"

"Na faɗa. Aka kira Dokta, ya ce shi bai taɓa buɗe kundin nan ba a rayuwarsa, wai a Ingila ya karanta maƙalar tun yana karatu can. Darakta ya ce bayan sata kuma ga ƙazafi."

Datti ya yi tsaki mai tsawo. Ya san Dokta Abubakar sarai: mutum mai kwat ko da zafin Afrilu, wanda ba ya iya jimla uku bai ambaci Ingila ba. Amma rashin son mutum ba shaida ba ce, kuma maganar mai riƙe makulli ba za ta kada ta dokta a gaban kwamiti ba.

Washegari da sassafe ya hau kekensa zuwa Badarawa, don ya rufe bakin masu maganar ƙosai. Ya iske Iya Hansai a ƙofar gida, kasko a kife, murhu ba wuta. Labari ya riga shi isowa, maƙwabta sun fara leƙen takardun da take naɗe musu ƙosai.

Tsohuwa ta jawo buhun takardunta ta zazzage a gabansa. Ta ce, "Duba, Malam. Duba da kyau, tunda 'yata ta zama abin nuni."

Tsofaffin jaridu ne da littattafan rubutun 'yan firamare. Datti ya ciro wata fitowar mujallar da ya taho da ita ya miƙa mata. Ta murza ganyen tsakanin yatsunta, ta yatsine fuska.

"Wannan mai santsin? Ai ba ta shan mai. Ko kyauta aka ba ni ba na so, sai dai ta ɓata wa mutane riga."

Ya yi mata godiya ya hau keke. Wannan ya ishe shi shi kaɗai, amma ya san bai ishi Darakta ba.

Ya koma kan rajista. Suna ɗaya ya fito sau uku a watan Mayu a gaban wannan kundin: Labaran, wani malamin gona ɗan shekara arba'in da biyar da ma'aikatarsu ta turo kwas. Mutum ne mai sanyin jiki, kuma kowa ya san kullum akwai reza a aljihun rigarsa. Datti ya tare shi a bakin aji, ba ko gaisuwar kirki.

"Fito da abin da ke aljihunka."

Labaran ya fito da reza da guntun fensir. Da ya gane inda aka dosa sai ya fusata.

"Malam, ni? Da furfurata? Rezar fiƙe fensir ce! In da yanka zan yi, me zai sa in kwana uku ina wannan wahala?"

Ya buɗe jaka ya jefa wani littafin rubutu a kan benci. Datti ya buɗe. Maƙalar Aminu Ado ce tun daga kanta har ƙarshenta, an kwafe ta da fensir kalma bayan kalma, har da lambobin shafi a gefe. Kunya ta kama Datti, ya ba shi haƙuri. Yana shirin rufe littafin idonsa ya faɗa kan layin farko, inda Labaran ya rubuta madogarar: Aminu Ado, 1978, Mujallar Kiwo da Makiyaya, juzu'i na takwas, shafi 41 zuwa 52.

Ya ce, "Wannan kuma fa? Maƙalar nan ta 1977 ce, juzu'i na bakwai. Ni na karɓi fitowar da hannuna. Sau nawa zan gaya muku madogara adireshi ce? Ka ba mutum adireshin ƙarya, ina kake so ya je?"

"Malam, abin da ke ƙeyar kundin na kwafa. Kuma haka Dokta Abubakar ya rubuta a ƙasidar da ya karanta mana a Fabrairu. A jerin manazartansa ma na ga sunan maƙalar, shi ya sa na neme ta."

Datti ya ɗago kai a hankali. "Ƙasidar tana wurinka?"

Labaran ya zaro ta. An buga ta da tafireta, an juya ta a inji, tawadar duk ta dusashe, amma layin yana nan raɗau: 1978, juzu'i na takwas.

Labaran ya ce, "Mako biyu da suka wuce har na taya shi murna. Na ce, Dokta, kai da wannan Aminu Ado kamar ciki ɗaya kuka fito, maganarku iri ɗaya sak. Ban san me ya ɓata masa rai ba, ko amsa ni bai yi ba."

Datti ya sake duba layin. Ya ari littafin da ƙasidar, ya wuce akwatin katuna, inda ake rubuta kowace fitowa ranar da ta iso. Katin yana nan da rubutun hannunsa: juzu'i na bakwai, 1977, maƙalar ciyawar gamba a ciki. Ya koma ya duba ƙeyar kundin da aka yanka, ga rubutun ruwan zinare ya ce juzu'i na takwas, 1978. Ya jawo na kusa da shi mai lamba bakwai, sai ga kayan takwas a ciki. Shekara takwas kundayen nan biyu suna zaune a kan kanta sanye da rigunan juna, shi kuma da ake kira Mai Bin Sawu yana wuce su safe da yamma. Ranar ya zagi kansa fiye da yadda ya taɓa zagin kowa.

Laraba ya nufi Unguwar Shanu wurin Sabo mai ɗinkin littafi, abokinsa tun suna samari. Shagon na cikin wani lungu, warin gam da fata ya cika shi. Datti ya dire kundayen biyu a kan tebur har ƙura ta tashi.

"Kai tsohon banza, wane irin aiki ka yi mini a 1981?"

Sabo ya gyara tabarau, ya jujjuya su, sai ya kama haɓa.

"Af! Ashe ranar tonon asiri ta zo. Datti, ka san yadda muke yi. Fitowa huɗu ake haɗawa a kundi ɗaya, kuma sai an ɓare bangon kowace kafin a ɗinka. Shekara da juzu'i kuwa a bangon kaɗai suke, cikin ba komai sai lambar shafi. Na ɗora bangon kowane ƙunshi a kansa, na fita salla. Kafin in dawo akuyar maƙwabta ta shigo ta watsar da komai. Na tsince na mayar yadda na ga ya dace."

"Yadda ka ga ya dace! Ba ka iya zuwa ka tambaye ni ba?"

"In zo ka cinye ni ɗanye? Na ce wa zai lura."

"Irin wannan kundin guda nawa ka ɗinka?"

"Kai ma dai. Akuyar sau ɗaya ta shigo."

Datti ya tattara kundayen. Ya ce, "Jibi ƙarfe goma ka sa rigarka ta kirki ka zo ofishin Darakta. In ba ka zo ba, wallahi da igiya zan jawo ka."

Alhamis kuwa ya wuni a teburinsa, ƙasidar Dokta a dama, littafin Labaran a hagu, jan fensir a hannu. Yana ja yana huci, har mai shara ya tsallake wajen teburin.

Ranar Juma'a kwamiti ya zauna a ofishin Darakta. Alhaji Muhammadu na kan kujerarsa, takardar sallama a gabansa, sa hannu kawai ya rage. Dokta Abubakar na gefe a matsayin ɗan kwamiti, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, jakarsa ta fata a kusa da shi. Safara'u na tsaye jikin bango, ba wanda ya ba ta kujera. Datti ya shigo da Labaran da Sabo a bayansa, ya rufe ƙofa. A waje ana jin motsin mutane, don rabin cibiyar ta taru a baranda.

Darakta ya ce, "Malam Datti, wa ya gayyace ka?"

"Ranka ya daɗe, minti goma nake roƙo. In na ɓata maka lokaci, ka haɗa takardata da tata."

Bai jira izini ba ya juya ga Dokta.

"Dokta, ka ce ba ka taɓa buɗe kundinmu ba."

"Na faɗa, kuma ba na maimaita magana. A Ingila na karanta maƙalar."

"Madalla. A Ingila wace shekara aka rubuta a kanta?"

Dokta ya yi murmushin raini. "Tana cikin manazartata. Je ka karanta, ai aikinka ke nan."

"Na karanta. Ka ce 1978, juzu'i na takwas." Datti ya ajiye katin a gaban Darakta. "Ranka ya daɗe, ga ranar da fitowar ta iso nan. Juzu'i na bakwai ce, 1977. A Ingila haka take, a Zariya haka take, duk inda aka aika da mujallar nan haka take. Wuri ɗaya ne tak a duniya inda maƙalar nan take ƙarƙashin lamba takwas. Sabo, faɗa musu."

Sabo ya ba da labarin akuya, kansa a sunkuye. Babu wanda ya yi dariya.

Dokta ya sauke ƙafarsa. "Kuskuren mai tafireta ne."

"Mai tafireta takan kuskure lamba ɗaya. Ba ta kuskure juzu'i da shekara tare, su kuma faɗa daidai kan ɓarnar akuyar Unguwar Shanu."

"To wataƙila a wurin wani ɗalibi na gani."

Labaran, mai sanyin nan, ya yi tsalle ya miƙe. "A'a, Dokta, kada ka shafa mini! Kai ka karanta ƙasidarka a Fabrairu, ni sai Mayu na taɓa kundin. Rajista na nan."

Darakta ya share gumi. Ya ce, "To ko da ya buɗe kundin, buɗewa ai ba yanka ba ce."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa na tambayi kaina, me zai sa babban mutum ya rantse bai taɓa littafi ba, alhali karanta littafi ba laifi ba ne?" Datti ya shimfiɗa ƙasidar da littafin Labaran gefe da gefe, duk sun sha jan fensir. "Shafi huɗu na ƙasidar Dokta maganar Aminu Ado ce, kalma bayan kalma. Ba alamar ɗauko magana, ba lambar shafi, ba komai. Ya dai jefa sunan mutumin can ƙarshe cikin jeri, don in an tambaya ya ce ai ya ambace shi. Da wannan ƙasidar yake neman ƙarin girma, kuma mako mai zuwa za ta zo teburina. Labaran ya gaya masa ya ga kamar. Ya san zan je shafi na arba'in da ɗaya, sai ya riga ni zuwa da reza. Bai san akwai wanda ya kwafe ta da fensir ba."

Datti ya nuna Dokta da yatsa.

"Ka saci guminsa, ka yanke maƙalarsa don kada kowa ya sake karantawa, sannan ka zauna a kujerar nan za ka sa hannu a kori marainiyar Allah da 'ya'ya uku. Kai wane irin mutum ne?"

Darakta ya dubi Dokta ya ce a hankali, "Abubakar, ina takardun?" Daga nan Dokta ya jawo jakar fatar, ya zuge wani aljihu na ciki, ya fito da ganye shida a ninke biyu. Ko gida bai yarda ya bar su ba.

Alhaji Muhammadu ya yi salati. Ya ɗauki takardar sallamar ya cusa a aljihun tebur, ya rage murya.

"To, alhamdu lillahi, gaskiya ta fito. Abin da ya faru a ɗakin nan ya tsaya a ɗakin nan, sunan cibiya ya fi komai. Dokta zai tafi hutu, za mu san abin yi. Safara'u, ga makullinki, ki koma bakin aikinki. Magana ta wuce."

Datti ya yunƙura zai yi magana, amma Safara'u ta riga shi. Ba ta kalli makullin ba.

"Ranka ya daɗe, ba ta wuce ba."

"Me kika ce?"

"A gaban mutum arba'in ka kira ni ɓarauniya. Uwata kwana huɗu ba ta hura wuta ba. 'Ya'yana an yi musu waƙa a makaranta. Yanzu kuma a gaban 'yan tsirarun mutane za a wanke ni, ƙofa a rufe?"

"Ke, ki san da wa kike magana!"

"Na sani, ranka ya daɗe. Da wanda ya faɗa nake magana."

Ta taka ta buɗe ƙofar har ta bugi bango. Mutanen baranda suka ja da baya, masinjoji da ɗalibai da masu tafireta, duk waɗanda suka yi ta yawo da sunanta tun Litinin. Suka ga Dokta zaune da ganye shida a hannu, ya rasa inda zai sa su. Datti ya je ya tsaya kusa da ita, Labaran ya bi shi, har Sabo ma ya matso.

Darakta ya dubi taron, ya dubi Dokta, ya ga ba mafita. Ya taso da ƙyar ya zo bakin ƙofa, ya yi gyaran murya, ya ce cikin haƙora, "An yi kuskure. Safara'u ba ta ɗauki komai ba."

Safara'u ta goge idonta da bakin mayafi. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na can baya ba su ji ba. Ranar Litinin har bakin titi aka ji ka."